Daga Dalar Kakanninmu Zuwa Daiman: Tarihin Adon Amarya a Hanyar Fatauci

 

Da kwamitin biki ya ce kowa ya kawo abin da za a buga, shugaba ya dube ni ya ce, kai da littafin ƙungiya ke hannunka, sai ka rubuta mana tarihi. Littattafai uku nake riƙewa a biro: na kuɗin wata, na gudummawar biki da rasuwa, da na sasanci. Na ukun na buɗe, domin a cikinsa ne akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan wani matashi, surukin ɗaya daga cikin dattawanmu, suka maƙale a hanya wata da watanni. Bashi ya taso masa. Matarsa da kanta ta ɗauko saitin daiman da mahaifinta ya saya mata lokacin aure, sarƙa da ƴan kunne da zobe, ta ce a sayar a fita kunya. Mai shagon gwal ya ɗora a sikeli, ya ƙiyasta nauyin duwatsun ya cire, ya yi kuɗin gwal ɗin kaɗai. Duwatsun kuwa ya ce ba ya saye. An je shago na biyu da na uku, maganar ɗaya ce. Dattijon ya zo biro ransa a ɓace, ya kawo ƙarar mamban da ya sayo masa saitin daga waje, ya ce jabu aka kawo masa. Kwamitin sasanci ya sa aka gwada. Daiman ne na gaskiya, gwal ɗin ma 18 ne kamar yadda aka rubuta a faktir. Ba wanda ya cuci wani. Amma kuɗin sun tafi.

Tun ranar nake tambayar dattawa, nake kuma karanta abin da ya zo hannuna, don in gane yadda aka yi abin wuyan amarya ya kai ga haka. A da ba haka yake ba.

Mu fara da kalmar da ke bakinmu kullum a nan Nijar. Mukan ce dala biyar, dala ashirin, mu ce jika idan dala ta kai ɗari biyu, kuma yaro ma ya san dala ɗaya sefa 5 ce. Asalin dala kuɗin azurfa ce ta ƙasar Ostiriya, mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda ƴan kasuwar Larabawa da na Afirka sun ƙi yarda da wata, aka ci gaba da buga ta da wannan shekara a jiki har bayan fiye da ƙarni guda. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma a cikin kashi 1,000 kashi 833 azurfa ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850 ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Ku duba wahalar: mai wuri sai ya nemi jaki, mai dala kuwa ya ɗaure dukiyarsa a lalita. Da Faransawa suka zo da nasu kuɗin azurfa na faran 5, wanda ya kusa ta girma, sai sunan ya koma kansa, ya kuma zauna har yau da dala ba ta sayen alewa.

Abin da ya haɗa dala da amarya shi ne maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda suka bambanta da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari. Uba ko miji yakan kai musu dala ƙidayayyu, su narke su ƙera mundaye da awarwaro da zobba. Wani lokaci ba a ma narkewa, sai a liƙa mata kunne a zura zare a rataya a wuya. A Agadas maƙeran Buzaye, waɗanda ake kira inadan, suna ƙera abin wuyan nan da ya yi suna a duniya: su fara siffanta shi da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya fita, sannan su zuba azurfa a gurbinsa. Duk wanda ya ga munduwa a hannun amarya a wancan zamani, ya san dala nawa aka narke. Ita ma ta sani. Ranar da fari ya zo ko miji ya rasu a hanyar fatauci, ta san abin da ke hannunta, kuma kowane maƙeri a kowace kasuwa zai auna ya biya.

Ba azurfa kaɗai ba ce a lefe, tun lefe yana lefensa na kaba, kafin a koma kwalla, a koma fantimoti, a zo ga jerin akwatunan yau. Akwai duwatsun wuya: murjani da ke ƙetaro hamada daga Bahar Rum, tsakiya, jigida, duwatsun ƙarau na Masaga a Bida, da talhatana, jan dutsen nan mai kusurwa uku da ake sassaƙawa a Indiya, daga baya wani gari a Jamus mai suna Idar-Oberstein ya karɓe kasuwar. A nan ne iyayenmu suka fara shan darasin jabu. Masana'antun Turai sun koyi yin murjani da talhatana na gilashi, suka cika kasuwa da su da araha. Tsofaffi suna da dabarunsu na ganewa, su ɗora a haƙori, su ji sanyi da nauyi a tafin hannu. Amma dutse, ko na ƙwarai ne, ba shi da sikelin da kowa ya yarda da shi. Kuɗinsa na bakin mai saye.

Zinare fa? Ƴan uwanmu na Gana sun fi ni sanin wannan. Fataken da suka bi hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina su ƙetare Kwara su bi ta Borgu har Salaga, goro ne babban abin da suka je nema, suna kai kanwa da baƙaƙen rigunan rini da fatu. Can kudu da Salaga ƙasar Tonawa ce, inda garin zinare ne kuɗin kashewa, ana auna shi da ƴan ma'aunai na tagulla. Mu a arewa ma'auninmu miskali ne, wajen giram 4.25, nauyin dinari ke nan, kuma shi ne har gobe malamanmu na Malikiyya ke lissafin mafi ƙarancin sadaki da rubu'insa. Amma a wancan lokaci zinare a gidan sarauta yake da gidajen manyan attajirai. Ƴar talaka da ƴar matsakaicin falke azurfa ce tasu da tagulla. Yaƙin basasar 1892 ya karya Salaga, mutanenmu suka watsu zuwa zangon Kumasi da sauran garuruwa. Tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka ja layin da ya raba Maraɗi da Katsina. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku ta Ikko. Ayarin jakuna ya mutu, amma hanyar ba ta mutu ba, gamu a kanta.

Abin da ya sa gwal a wuyan amaryar gama-gari shi ne aikin hajji. Kakanninmu sun tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ci gaba, wanda ya dawo da ransa ya gode Allah. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, ga kuɗin gyaɗa, ga kuɗin man fetur da na yuraniyom a shekarun 1970, sai Hajiyoyi suka fara dawowa da haƙorin Makka da awarwaro na gwal 21 daga kasuwannin Makka da Jidda. Da yawa daga cikin iyayenmu mata na wannan ƙungiya da haka suka fara jari: ta sayo biyu, ta sa ɗaya, ta sayar da ɗaya ga mai haɗa lefe. Daga baya Dubai ta buɗe, kasuwar gwal ta Deira ta zama kamar Kurmi a wajen mutanenmu.

Wasu na cewa son gwal na mata almubazzaranci ne. Ni da nake riƙe littafin gudummawa ban yarda ba, kuma tarihin hanyarmu ne hujjata. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mai gida bai ɗauki gida ba, mai rumfa bai ɗauki rumfa ba. A farkon 1983 Najeriya ta yi irin tata korar. A Afrilun 1984 aka canza launin naira aka rufe iyakoki, aka ba da ƴan kwanaki na canji, duk wanda ke wannan ƙetare da buhun naira ya wayi gari da takardun banza. Dattawan Maraɗi ba su manta ba. A Janairun 1994 aka karya sefa, ta zube rabi a dare ɗaya. Sidi ta lalace har a 2007 aka yanke mata sifiri huɗu. Sai rufe iyaka na Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai canjin naira na ƙarshen 2022, sai na 2023 da na ambata. A kowanne daga cikin waɗannan, ku tambayi gidajenku abin da aka ɗaga aka sake tsayawa da shi. Sau da yawa daga ƙasan adakar uwargida ya fito, a ƙulle cikin tsumma. Oza ɗaya ta gwal dalar Amurka 35 ce a hukumance har 1971. Ta taɓa 850 a Janairun 1980, ta faɗi ta daɗe a ƙasa, ta haye 2,000 a 2020, ta haye 3,000 a Maris ɗin 2025. Yana faɗuwa, kada wani ya ce muku ba ya faɗuwa. Amma ba a taɓa wayar gari an ce ba a saye ba, kuma bai san sefa ko naira ko sidi ba.

Daiman, wanda a littafi ake haɗa shi da sauran duwatsu masu daraja a ce lu'ulu'u, ta wata ƙofa dabam ya shigo. An gano shi a Afirka ta Kudu a 1867, aka kafa kamfanin De Beers a 1888 ya riƙe kasuwar duniya. A yankinmu an same shi a kwarin kogin Birim na Gana a 1919, inda garin Akwatiya ya tashi, mafi yawansa ƙanana ne na aikin masana'anta. A Saliyo an same shi a yankin Kono a 1930, can ne a 1972 aka tono wani mai karat 968.9. A Afirka ta Tsakiya kuwa, a garuruwa irin su Karno da Berberati da Biriya, Musulmi ƴan kasuwa, har da Hausawa da Fulani, su ne suka daɗe suna sayen ɗanyen dutse daga hannun masu haƙa. Wato mutanenmu sun san daiman, amma a ɗanyensa, a matsayin haja. Ba su kawo shi gida sun sa wa ƴaƴansu ba. Dutsen sai ya je Antwap ta Beljiyam a tantance, ya je Surat ta Indiya inda ake feƙe mafi yawan daiman ɗin duniya, ya bi hannu biyar ko shida, kowa da ribarsa, sannan ya dawo mana a cikin gilashin shago.

Kuma hajar ta zo da jini. Yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola ne suka sa a 2003 aka fara aiki da tsarin Kimbali, wanda ya hana ɗanyen daiman ƙetare iyaka sai da takardar shaidar gwamnati. A 2013 aka dakatar da Afirka ta Tsakiya, a 2014 ƴan uwanmu Musulmi suka gudo Garwa-Bulai da Kenzu a Kamaru da abin da ke jikinsu, ba a ɗage takunkumin gaba ɗaya ba sai a Nuwamban 2024. Don haka duk mamban da wani ya tare a tasha da ƴan duwatsu a ƙullin takarda, ya ce masa sauri yake yi zai bar su da araha, ya yi ta kansa. In gilashi ne an cuce shi, in na gaske ne kuma ya ɗauko wa kansa shari'a.

Al'adar zoben daiman na aure ma ba tsohuwa ba ce ko a wajen masu ita. Tallan De Beers ne a Amurka, musamman daga 1947, ya dasa wa mutane cewa daiman abu ne na har abada wanda ba a rabuwa da shi. Ku lura da hikimar ɗan kasuwa: in ba a rabuwa da shi, ba mai komawa shago ya ji nawa za a saya. Mu kuma ta finafinai da hotunan dina a waya abin ya iso mana, uwar amarya ta ga na ƴar wance ta ce tata ba za ta gaza ba.

Ban ce kada a saya ba. Mai hali ya yi wa ƴarsa abin da ransa ke so, kuma daiman mai kyau abin kallo ne, ba ƙarfen da ke ƙarce shi. Amma a saya da sani. Farko a raba karat biyu da ke rikita mutane: karat na gwal tsarki ne, kashi nawa cikin 24, karat na daiman nauyi ne, biyar ne ke yin giram ɗaya. Bayan nauyi ana duba launi, wanda ake jerawa da haruffa daga D, fari tas, har zuwa Z mai ɗaukar rawaya. Ana duba tsabtar cikinsa da madubi mai girmama abu sau goma. Ana duba yanka, wanda shi ne ke ba da walƙiya, kuma a ganina shi ya fi cancanta a kashe wa kuɗi, domin bambancin D da G ido ba ya gani a wajen biki, amma mummunan yanka kowa zai ga dutsen ya mutu. Dutsen kirki yana zuwa da takardar ɗakin gwaji irin su GIA ko IGI ko HRD, galibi da lamba da aka zana a gefensa da leza. A sa madubi a karanta lambar, a duba ta a intanet a gaban mai shago. Takardar da shagon ya buga da kansa rasit ce kawai. Ba a cinikin biri a sama.

Ga inda dattijonmu ya faɗa. Saitinsa ƙananan duwatsu ne birjik kamar gero, an rubuta jimillar karat ɗinsu a faktir, lambar ta yi kyau a ido. Amma dutse ɗaya mai karat 1 ya ninka duwatsu hamsin da suka haɗu suka yi karat 1 daraja nesa ba kusa ba, kuma ƙananan ba su da takarda ɗaya-ɗaya, ba mai sake sayensu a kasuwanninmu. Sannan ga sabon al'amari. Tun 1954 aka iya yin daiman a masana'anta, yanzu kuma ana yin na ado da yawa a Sin da Indiya. Ba jabu ba ne, daiman ne sak, alƙalamin gwajin da ƴan shago ke dangwalawa zai yi ƙara a kansa kamar yadda zai yi a kan na ƙasa. Sai dai kuɗinsa kullum ƙasa yake yi. De Beers da kansa ya fito da nasa mai suna Lightbox a 2018 a kan dalar Amurka 800 kowane karat, a 2025 ya sanar da rufe shi saboda farashi ya zube. Akwai kuma moissanite, wanda shi ba daiman ba ne amma yana ruɗin alƙalamin gwaji mai auna zafi. A tambaya ƙarara, na ƙasa ne ko na masana'anta, a kuma sa a rubuta amsar.

Gwal ma ba a rufe ido. Hatimin jiki shi ne 750 ga 18, 875 ga 21, 916 ga 22. Hatimi kuwa kowa na iya bugawa, don haka a goga a dutsen gwaji a ɗiga asid, kuma in abu ne mai kauri a nemi a ɗan kankare wuri mai ɓoye, tunda mai ruwan gwal a sama yana cin gwajin fata. Saitin daiman galibi 18 ne, domin 21 da 22 sun yi laushi da riƙe dutse, ga shi tun nan gwal ɗin ya ragu. Faktir, ko rasit a bakin ƴan uwanmu na Najeriya, ta nuna abu huɗu dabam-dabam: nauyin gwal, karat, nauyin duwatsu, da kuɗin aiki. Misali, sarƙa mai giram 40 wadda giram 6 na ciki ƙyalƙyali ne na gilashi, in ba ka yi magana ba 40 za ka biya a farashin gwal, ranar sayarwa 34 za a auna maka, kuɗin aiki kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa tsofaffin Hajiyoyi ke son awarwaro lami marasa dutse, ba don ba su san ado ba. Masu kai tsohon gwal a musanya da sabo su tuna da gargaɗin malamai game da riba: a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a yi cinikin sabon. Mai ƙetare iyaka da kaya ya riƙe faktir ɗinsa ya bayyana wa duwan ko kwastan. Na rubuta wasiƙun roƙo a kan wannan fiye da yadda nake so. Ƴan uwa masu zuwa Gana kuma su sani tun 2025 hukumar GoldBod ta hana baƙi shiga cinikin ɗanyen gwal na cikin gida.

Maganar dattijonmu ta ƙare ne da mamban da ya sayo saitin ya yarda, don zumunci, ya koma da shi shagon da ya fito a tafiyarsa ta gaba. Sun karɓa, amma abin da suka bayar bai kai rabin kuɗin saye ba. Kafin nan an riga an biya bashin. Kakar yarinyar ce ta zare awarwaro huɗu na gwal 21 da ta sayo a hajjinta na fari, aka kai kasuwa bayan azahar, kafin la'asar an dawo da kuɗi.

Bayan wannan shari'a kwamiti ya amince aka sayi ƙaramin sikeli na giram da madubin duba dutse, suna nan a biro, kyauta ne ga duk mai katin ƙungiya. Ina kuma roƙon iyayenmu, duk wadda ke da tsohuwar dala mai kunne, ko talhatana, ko munduwar azurfa ta gado, ta aiko a ɗauki hoto a auna a rubuta sunan garin da aka ƙera ta, a mayar mata a ranar. Zuwa yanzu dala biyu na samu, ɗaya daga Tasawa ɗaya daga Jibiya, dukansu 1780 ne a jiki.